Darussan da na koya a teburin mai turare

Shekara shida ke nan ina zama a shagon wani dattijo mai sayar da madarar turare a cikin birnin Kano, ba nisa da Kasuwar Kurmi. Da na fara zuwa, aikina bai wuce shara da wanke kwalabe da ɗura wa masu saye ba, wannan rubu'in tola, wancan rabi, mai hali ya sayi tola guda. Tola ma'auni ne da ya zo daga Indiya, nauyinsa giram 11 da ɗoriya, a kwalba kuwa yakan kama wajen mililita 12. A lokacin gani nake sana'ar ba ta da wani sirri. Kowa da hancinsa, abin da ya yi ƙamshi ai ba sai an gaya maka ba.

Ina cikin wata na huɗu, wata rana Alhaji ya tafi jana'iza ya bar ni da shago. Sai ga wani baƙo da 'yar kwalba naɗe cikin hankici, ya ce man ud ne na Indiya, yana neman mai saye. Na buɗe na kai hanci, sai na ji warin garke, kamar na shiga turken awaki da damina, ga wani tsami-tsami irin na fata a majema. Na rufe na miƙa masa, na ce turarensa ya lalace. Bai yi gardama ba, amma kafin ya fita ya goga tsinken murfin a bakin hannun rigata. Bayan La'asar Alhaji ya dawo. Muna gaisawa ya kama hannun rigar ya sunsuna, ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce, "Yaro, wa ya zo nan?" Na ba shi labari. Ya ce to in sunsuna da kaina. Warin garken ya tafi gaba ɗaya. Abin da ya rage ƙamshin tsohon itace ne mai zaƙi, da zuma-zuma, da ɗan hayaƙi can ƙasa. Har washegari yana jikin rigar. Alhaji bai yi mini faɗa ba, ya dai sa na zagaya kasuwa neman mutumin, ban kuwa same shi ba.

Sai daga baya na san dalilin wannan wari. Ud daga wani itace yake fitowa da ake kira Aquilaria, mai tsirowa a Asam ta Indiya da Silhet ta Bangaladash da Kambodiya da Tailan da tsibirin Borneo. Lafiyayyen itacen fari ne, ba ya ƙamshin komai. Sai ya ji rauni, funfuna ta shige shi, sannan yake fitar da wani baƙin ƙaro don ya kare kansa, wannan ƙaron shi ne dukiyar. Masu fitar da man a Indiya sukan jiƙa garin itacen a ruwa kwanaki, wani lokaci makonni, kafin su ɗora a wuta, to tsimuwar nan ita ke kawo warin farko. Na Kambodiya ya fi sauƙin kai, tun daga buɗe kwalba za ka ji zaƙi kamar na dabino da zabibi. An sare itacen a daji har ya kusa ƙarewa, shi ya sa tun 1995 aka sa nau'in da aka fi nema a cikin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ɓacewa. Yawancin abin da ke kasuwa yau daga gonaki yake, inda ake huda bishiyar da gangan.

Alhaji yakan ce turare baƙo ne. Akwai sallamarsa, akwai zamansa, akwai kuma abin da ya bar maka bayan ya tashi. Masu ilimin haɗa turare ma haka suka kasa shi uku. Abubuwa marasa nauyi, irin man ɓawon lemo, su ke fara tashi, cikin mintuna kaɗan sun wuce. Furanni da kayan ƙamshi irin su kanumfari da za'afaran su riƙe 'yan awanni. Sandal da ud da almiski da ambar kuwa sai su kwana. Madarar turare ba ta da sinadarin barasa da zai watsa ta lokaci guda kamar na fesawa, kwanciya take yi a fata, tana buɗewa a hankali da ɗumin jiki. Wanda ya sunsuna bakin kwalba ya ce ya san turare, sallama kawai ya amsa.

Daga nan na sayi littafin rubutu na fara gwaji a jikina. Kwana biyu na farko na shafa a wuyan hannu kamar yadda kowa ke yi, sai alwalar Azahar ta wanke aikin. Na koma shafawa a damtse, sama da gwiwar hannu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ba na wuce biyu a rana. Lokutan salla suka zama agogona. Ina shafawa da hantsi, in rubuta abin da na ji nan take, in sake rubutawa da Azahar, da La'asar, da Magariba, da bayan Isha'i. Hanci yana gajiya, in ka jera masa kwalba huɗu ko biyar sai ya daina bambancewa. Wasu shaguna suna ajiye 'ya'yan kofi wai suna wanke hanci. Ni dai ban ga amfaninsu ba, wani ƙamshin ne kawai ka ɗora kan na da. Fita waje ka shaƙi iska, ko ka sunsuna rigarka inda turare bai taɓa ba, ya fi.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kalmomi. Shafukan farko na littafin duk "yana da daɗi" ne da "yana da ƙarfi", waɗanda ba su gaya wa kowa komai. Na gwada aron kalmomin da ke jikin kwalaye, sunayen furannin da ban taɓa gani ba, sai na ga ina rubuta abin da hancina bai shaida ba. Ranar da aka kawo mana kaya daga Kannauj ne na samu mafita.

Kannauj gari ne a jihar Uttar Pradesh ta Indiya, kusa da kogin Ganga, inda har yau ake yin turare da tukunyar tagulla a kan wutar itace. Ana zuba fure da ruwa a tukunya, a liƙe murfin da laka, tururin ya bi ta cikin gora ya sauka a wata tukunyar da ke zaune cikin ruwan sanyi, a cikinta kuwa akwai man sandal da ke shanye ƙamshin. Kullum a sake sabon fure a kan man nan, har ya ƙoshi. A cikin kayan akwai wani da suke kira mitti, wanda ba fure aka dafa ba, gasasshen yumɓu ne. Ina shafawa na ji ranar ruwan farko bayan bazara, da sabon tulu da aka fara zuba wa ruwa. Wani kuma kore shar, ruh khus, da na sunsuna sai na ga jema, saiwar nan da iyayenmu ke sakawa a randa. Ashe 'yan gida ɗaya ne, tasu ta Indiya, tamu ta fadamun Afirka. Tun daga ranar nake rubutu da abin da na sani: hayaƙin kajiji, ƙaron hano, ɓawon lemon tsami, ɗanyen lalle, cikin tsohuwar adaka. Masu saye ma sun fi gane ni.

Kajijin nan ya taɓa fitar da mu daga asara. Wani dillali ya kawo mana man ud da ya rantse tsantsa ne, farashinsa kuma bai kai rabin abin da muka sani ba. Sallamarsa ta yi kyau. Da Azahar na sunsuna damtsena sai na ji ɗakin kakata, ƙamshin kajiji sak. Na ce, "Alhaji, wannan akwai kajiji a ciki." Ya sunsuna ya gyaɗa kai. Akwai wata saiwa a Indiya, nagarmotha, dangin kajiji ce, ana tatsar manta a haɗa da wasu sinadarai don a kwaikwayi ud. Zuwa La'asar ƙamshin ya tsaya cak a wuri ɗaya, ba ya gaba ba ya baya, alhali ud na gaskiya juyawa yake yi duk yini. Muka mayar masa da kayansa.

Ba wai haɗin ne laifi ba. Mafi yawan turaren da muke sayarwa haɗi ne, kuma mutane suna jin daɗinsa. Binta Sudan, da wani Bature mai suna Eric Burgess ya fito da ita a 1920 a ƙarƙashin kamfanin W.J. Bush na Landan, ba ta taɓa cewa ita tsantsar fure ce ba, ga shi ta haura shekara 100 a lefen amare, ana kuma yin ta a nan Kano. Farin almiskin da mata ke so, mai kauri kamar madara, a ɗakin haɗa sinadarai aka yi shi. Na asali daga jikin wata 'yar barewa yake fitowa a tsaunukan Himalaya da Saiberiya, baƙi ne, dabbar kuma tana ƙarƙashin kariyar doka. Abin da ke ci mini rai shi ne a karɓi kuɗin tsantsa a ba da haɗi. Magidanci ya tara kuɗi wata da watanni don ya saya wa mahaifinsa rubu'in tola, a cuce shi saboda bai sani ba. A teburinmu, in mutum ya tambaya, ina gaya masa abin da ke cikin kwalbar ko da cinikin zai ɓaci.

Wardi ma ya koya mini nasa. Na jera na Ɗa'if ta Saudiyya da na Kannauj sau da yawa. Na Ɗa'if a kan tsaunuka yake fitowa, ana tsinkar furen da sassafe a watannin Maris da Afrilu kafin rana ta kwashe man, kuma sai an tara fure fiye da 10,000 kafin a samu tola guda. Da shi ake haɗa ruwan Zamzam wajen wankin Ka'aba. A fata yana da kaifi, da ɗan tsamin lemo, da kore-kore kamar an karya ɗanyen reshe, amma bai cika kai wa Magariba ba. Na Kannauj da ke kwance kan sandal ya fi laushi, furen ya tafi ya bar ka da itace mai maiƙo har dare. In hunturu ya tsananta, tsantsar man wardi yakan daskare ya yi ƙanƙara-ƙanƙara a kwalba. Wani ya taɓa dawo mana da nasa a fusace saboda haka. Alhaji ya dumtse kwalbar a tafin hannunsa na ɗan lokaci, ta narke, ya ce masa wannan daskarewar alama ce mai kyau.

Yanayi yana canza komai. Da hunturu fata ta bushe, turare ba ya zama sai ka fara shafa mai marar ƙamshi. Da bazara, lokacin da zafin Kano ke kai wa digiri 40, ɗigon ud ɗaya ya isa, musamman ranar Juma'a da za ka shiga sahu kafaɗa da kafaɗa da wani. Jema ta fi dacewa da wannan lokacin.

Akwai wata Hajiya 'yar Maiduguri mai haɗa humra da turaren wuta da ke sayen madara a wurinmu. Wata rana na miƙa mata wani farin almiski ina yabonsa, ta sunsuna ta ce, "Ɗana, ruwa ka ba ni?" Ba ta jin komai, alhali ita ce ke gane sandal mai kyau tun daga bakin ƙofa. Ashe akwai nau'o'in almiskin haɗi da hancin wasu mutane ba ya kamawa sam, halitta ce. Tun daga nan na bar gardama da mai saye kan abin da ya ce ya ji. Ina shafa masa, in ce ya je ya gama cefanensa ya dawo. Hajiya ita ma ba ta sayar da humra ranar da ta haɗa, sai ta rufe ta ajiye ta tsima.

Yau da hantsi na shafa shamama biyu, duka daga Kannauj amma daga gidaje daban. Shamama haɗi ne na saiwoyi da itatuwa da kayan ƙamshi masu yawa, kowane gida da sirrinsa. Na dama ya buɗe da za'afaran da kanumfari, na hagu da wani ɗaci kamar jiƙon magani. Da La'asar na rubuta cewa na dama ya fi. Yanzu an idar da Magariba, ɗacin na hagu ya sauka, wani ɗumi mai kama da gasasshiyar ƙasa da sandal yana tasowa, na dama kuwa ya fara shiru. Alhaji ya tambaye ni wanne za mu saro. Na ce ya ba ni zuwa bayan Isha'i.