Wuni guda a tsohon kanti

Asabar, da dare.

Har yanzu ƙurar wurin nan tana maƙogwarona. Na yi wanka sau biyu, amma warin kashin jemage ya ƙi barin hancina. Bari in rubuta kafin barci ya sace ni.

Tun jiya Kawu ya kira ni, wai in raka shi duba tsohon kantin da suka gada, don an sami mai son saye ya rushe ya jera shaguna. Ni ba magini ba ne. Ya dai san ni da son tsofaffin tarkace, shi ya sa ya ce, "Kai mai karance-karance, zo ka faɗa mana shekarunsa."

Kafin ma a buɗe ƙofa na ji shekaru iri uku. Kawu ya ce ginin ya haura ɗari. Maigadi ya rantse kakansa ya yi dako a nan, saboda haka a ƙara hamsin a kai. Dillalin mai saye kuwa ya taɓe baki ya ce ko sittin bai kai ba, rashin kula ne ya tsofar da shi. Na lura kowa ya ja lissafin zuwa inda zai amfane shi, sai na yi gum.

Abin da na fara gani shi ne ginin ya juya wa titi baya. Ƙofar da ake shiga yanzu ƙarama ce, an fasa bango ne aka yi ta. Babbar ƙofa mai ganye biyu, da baranda da matakala, duk suna can ɗaya gefen, suna kallon wani lungu da ciyawa ta cinye. Maigadi ya ce ai nan ce tsohuwar hanyar da ke zuwa tasha. Da aka shimfiɗa kwalta ta baya, kasuwa ta bi ta, masu kanti ma suka bi kasuwa. Ko takarda ɗaya ba a buɗe ba, amma ga rabin labarin wurin a tsaye.

Kawu ya zo da wani dattijon birkila, abokinsa. Shi ne malamina yau. Bai kalli rufi ba, bai kalli fenti ba. Ya ciro makulli daga aljihu ya kankare tsakanin jan bulo biyu, sai ga farin gari yana zuba a tafinsa. Ya matsa kamar taku biyar ya sake kankarewa, makullin ya yi ƙara bai ci komai ba.

"Ka gani, ɗana? Wancan kwaɓin farar ƙasa da yashi ne, aikin masu ginin farko. Wannan siminti ne, aikin masu gyara."

Nan na so in nuna nawa ilimin. Na ce masa, "Baba, ai wanda ya yi rajistar siminti ma birkila ne irinku." Joseph Aspdin ke nan, mutumin Leeds ta Ingila, a 1824, kuma ya sa masa suna Portland don idan ya bushe yana kama da dutsen gini na tsibirin Portland. Baba ya yi dariya ya ce to shekara nawa ya yi a hanya kafin ya iso ƙaramin gari? Ya kama ni. Shekarar da aka ƙirƙiro abu ba ta gaya maka ranar da aka yi gini, iyakarta ta ce maka ba a yi kafin nan ba. Magina sun daɗe suna kwaɓa farar ƙasa bayan siminti ya shigo, wani don araha, wani don ita hannunsa ya saba da ita.

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne ƙasan bango. Wani mai kyakkyawar niyya, da ya ga danshi, ya yaɓe bangon da siminti daga ƙasa har zuwa ƙugu. A ganinsa ya toshe ruwa. Baba ya ce ya dai kulle shi ne a ciki. Kwaɓin farar ƙasa yana da ƙofofi ƙanana, yana shan laima kuma yana fitar da ita idan rana ta buɗe. Siminti ba ya bari. Sai laimar ta rasa hanya, ta hau sama, ta ɓullo daidai inda yaɓen ya ƙare, tana ɗauke da gishirin ƙasa. Ya nuna min layin, fari-fari kamar an zana da alli, ya zagaye ɗakin kaf. Ya ƙwanƙwasa yaɓen da bayan yatsa, ya yi ƙarar ganga. Da ya ɓamɓare wani yanki, bulon da ke baya ya zama gari, ina iya tona shi da farce. Inda ba a taɓa gyarawa ba kuwa bulo na nan garau. Na daɗe ina kallon wannan. Ruwan sama na shekara da shekaru bai yi wa ginin ɓarnar da buhunan siminti kaɗan suka yi masa ba.

Rufi kwano ne, mai kauri irin wanda ba a samu yanzu. Shi ma bai ba da shekara ba: tun 1829 Henry Palmer ya yi rajistar kwano mai tudu da kwari a Landan, kuma rufi abu ne da ake sauyawa. Na hau tsani da tocila, jemagu suka yi min maraba, na sauko ba shiri. Abin da na samo kawai ƙusa biyu. Ɗaya mai kusurwa huɗu, wadda aka yanko daga farantin ƙarfe, ɗaya zagayayya ta waya irin tamu. Ta waya ta kori mai kusurwa wajen ƙarshen ƙarni na 19. Kawu ya yi murna, wai ga shaida. Baba ya ce a yi hankali, kafinta na iya kawo tsohon katako da ƙusarsa daga wani gini.

Taga ce ta fi burge ni. Gilashi shida ne a jiki, huɗu sumul, biyu kuwa idan ka leƙa ta cikinsu bishiyar waje sai ta riƙa lanƙwasa kamar a cikin ruwa. Na yi ta kaɗa kai hagu da dama kamar yaro. Gilashi mai santsin nan da muka saba da shi, sai a 1959 kamfanin Pilkington ya bayyana dabararsa, inda ake zuba narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza ya kwanta daidai. Don haka huɗun nan maye ne, an sa su bayan na asali sun fashe. Biyun su ne suka ga masu kanti na farko, ko dai na kusa da farko.

A sito akwai babban sikeli na ƙarfe, an rubuta Avery, Birmingham a jikinsa. Farantin ya lotsa a tsakiya saboda hawa da saukar buhuna. Kanta ma haka, katakon ya cinye ya yi sheƙi daidai inda gwiwar hannu take sauka. A kusurwa akwai tabo mai murabba'i a daɓe da ramukan ƙusoshi huɗu, nan akwatin ƙarfe na kuɗi ya zauna. Ba wanda ya san inda ya tafi, ko kuma wanda ya sani bai faɗa ba.

Da la'asar, da rana ta karkata, sai rubutu ya fito a saman babbar ƙofa ta ƙarƙashin fenti. Hawa uku na ƙirga. Na ƙasa manyan baƙaƙe ne na kamfanin saye da sayarwa, a kansa alamar kantin magani, na sama kuma na mai gyaran rediyo. Ɗan Kawu ya ce idan za a gyara sai a kankare a koma na farko. Ban yarda ba. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan kula da tsofaffin gine-gine ma ta tafi a kan cewa a mutunta abin da kowane zamani ya ƙara. Mai rediyon nan ya biya haya, ya buɗe ƙofar nan kullum, ban ga abin da ya sa za a goge shi don kawai ya zo a makare ba.

Muna shirin fita na tura ƙofar sito don in rufe, sai na ga lissafi a bangon bayanta da fensir. Layuka huɗu-huɗu da na biyar a gicciye, irin na mai ƙirga buhu, sannan dogon jerin lambobi an ja layi an haɗa. Na tsaya na haɗa su a waya. Akawun ya yi kuskuren goma. Ina shirin yi masa dariya, sai na ga can ƙasa, da wani hannu daban mai matse rubutu, an soke jimlar an rubuta daidai. Wato an riga ni kama shi, Allah kaɗai ya san da shekara nawa.

Da Kawu ya matsa min, na ce masa bango ya girmi rufi, rufi ya girmi yawancin tagogi, kuma maganar dillali ta sittin ba ta shiga. Lamba ɗaya tak kuwa sai takardar fili. Ya ce wa dillali ya ba shi mako biyu. Baba ya ce ko a sayar ko kada a sayar, a gyara indararon gefen gabas kafin ruwa ya sauka.

Litinin zan je ofishin filaye in nemi fayil ɗin. Ƙusar mai kusurwa huɗu tana aljihun rigata, in tuna in cire ta kafin a kai wanki.