Yinin da muka yi wajen neman karen da zai zauna da yara

Asabar, Zariya.

Tun da aka haura katangar maƙwabcinmu a farkon damina aka kwashe masa batiran sola, maganar ajiye kare ba ta bar bakin mutanen gidan nan ba, sai dai kowa da irin karen da ke ransa. Uwargida tana son wanda haushinsa kaɗai zai sa ɓarawo ya sake shawara, babban ɗana mai shekara 11 yana son abokin guje-guje a tsakar gida, ni kuwa hankalina yana kan auta, wadda ba ta wuce shekara 3 ba, kuma duk abin da ta gani da wutsiya sai ta ja. Yau na ware yinin domin a yi ta ta ƙare.

Da hantsi na fara biyawa wajen Hajiya, domin ban so ta ji labarin a bakin jikoki ba. Kamar yadda na zata, ta tuna mini hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Na shaida mata cewa na riga na tambayi limamin unguwarmu, ya ce nassi ya halatta karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu idan akwai buƙata ta gaske. Ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Har ya ba ni labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda aka ce ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙyamaci haka sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Hajiya ta yi dariya, sannan ta gindaya sharaɗi guda: kada ƙafarsa ta taka ɗakin kowa, kada kuma bakinsa ya kusanci kwanon abinci ko buta. Wannan sharaɗi shi ya fitar da ƙananan karnukan ado irin Lhasa Apso daga lissafi, domin asalinsu na zaman cikin ɗaki ne, ga dogon gashi da ke buƙatar taza kullum.

Daga nan na ɗauki babban yaron muka nufi Samaru wajen wani abokina likitan dabbobi. Ban gama jera masa sunayen irin da nake ji ana yabo ba ya katse ni da tambayoyi. Wa zai ba shi abinci safe da yamma? Wa zai kwashe kashinsa? Wa zai fita da shi ya motsa jiki? Nawa zan iya warewa duk wata ba tare da na taɓa kuɗin makarantar yara ba? Ya ce kare yakan yi shekara 10 zuwa 13 a raye, wato wannan yaron da ke ɗoki yau zai iya gama jami'a karen yana nan, kuma a mafi yawan gidajen da ya sani ɗokin yara ba ya wuce 'yan watanni, daga nan aikin ya koma kan uwa. Na lura yaron ya sunkuyar da kai.

Abin da ya fi daɗewa a kansa shi ne bambanci tsakanin kare mai faɗakarwa da kare mai kai hari. A ganinsa, gidan da ke da ƙananan yara na farkon yake buƙata, wanda zai yi haushi ya tashi mutane idan ya ji motsi, domin ɓarawo ya fi tsoron a farka da a cije shi. Na biyun, wanda ake ɗaurewa da sarƙa yini guda a ɓoye shi daga idon mutane don ya yi zafi, ba ya bambanta ɓarawo da almajirin da ya leƙo zaure ko ɗan maƙwabta da ya shigo ɗaukar ƙwallo. Ya ce yawancin ƙananan yaran da kare ke ciza, karen da suka sani ne, kuma saboda tsayinsu cizon yakan faɗa a fuska ko wuya. Wannan magana ta zauna mini sosai.

Sai ya bi nau'o'in ɗaya bayan ɗaya. Boerboel na Afirka ta Kudu yakan haura kilo 60, Rottweiler kuma namijinsa yakan kai 50, kuma ko da wasa irin waɗannan suka bangaji yarinya 'yar shekara 3 an sami matsala. Karen Kokeshiya, wanda mutane ke rububinsa saboda girma da kwarjini, an same shi ne a duwatsu masu sanyi, saboda haka zafin Maris da Afrilu na nan azaba ne a gare shi. Karen makiyayan Jamus, wanda aka fi sani da Alseshan, yana da basira da saurin ɗaukar horo, amma yana son aiki da motsa jiki kullum, kuma ciwon ƙugu ya yi yawa a jinsinsa, musamman inda ake haɗa 'yan uwan jini don a samu na sayarwa da sauri. Labrador ya fi su haƙuri da yara, sai dai yana iya yi wa ɓarawo maraba da kaɗa wutsiya. Na tambaye shi game da Azawak, dogon siririn karen Abzinawa na Nijar da Mali, ya ce zafi ba ya damunsa, amma yana buƙatar fili na gudu wanda tsakar gidana ba ta da shi. A ƙarshe ya ce kada in raina karen gida, domin ya saba da yanayinmu, cinsa ba shi da tsada, kuma kunnensa ba ya barci. Ya ja kunnena dai cewa suna ba ya ba da tabbacin hali, uwar ɗan kwikwiyo da yadda aka raine shi su ne abin dubawa.

Duk da haka, saboda alkawarin da na yi wa uwargida cewa zan duba manyan karnuka, mun leƙa wajen wani mai kiwon manyan karnuka na sayarwa. 'Yan kwikwiyon suna da kyau ƙwarai, amma da na nemi ganin uwarsu sai ya ce ba a kusantarta, da na nemi katin rigakafi sai ya ce zai nemo, kuma a shirye yake ya ba ni ɗan mako 5 in tafi da shi a yau. Likita ya riga ya gaya mini cewa ba a raba ɗan kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8, domin a cikin 'yan uwansa yake koyon sassauta cizo. Muka yi sallama.

Bayan la'asar muka isa Shika, gidan wani dattijo da likitan ya kwatanta mana, wanda karyarsa ta gida ta haihu mako 6 da suka wuce. Da muka yi sallama ta taso tana haushi sosai, amma maigidan yana yi mata magana ta yi shiru, ta shinshina ƙafafunmu ta koma ta kwanta. Jikokinsa suna ta kai da kawowa a gabanta ba ta ko ɗaga kai ba. Na yi abin da aka koya mini: na tafa hannu, na ga wanda ya firgita ya ɓuya da wanda ya tsaya sannan ya matso, na ɗaga kowanne na taɓa kunnuwa da tafin ƙafa, na duba ido da hanci ko akwai ruwa, na duba fata ko akwai kaska. Ɗana ya nace wa wani baƙin namiji da ke hawa kan sauran yana cizon igiyar takalminsa. Ni kuwa wata ja mai farin ƙirji ce ta kwanta mini, wadda ta zo da kanta, ta bari aka juya ta, ta ɗan yi motsi sannan ta natsu. "Abba, ai wannan ba ta da zafi," in ji shi. Na ce masa abin da ya sa na zaɓe ta ke nan. Dattijon ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce in dai za a riƙe ta da amana ya wadatar, sai na ba jikokin abin sayen alewa.

Da dare na zayyana wa uwargida abin da ke gabanmu. Allurar farko ta cututtukan 'yan kwikwiyo ana yin ta tsakanin mako 6 da 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ta kai mako 16, ga maganin tsutsar ciki a kai a kai. Ta haukan kare kuwa sai ta cika wata 3, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma ko a nan ƙasar cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa irinta. A kan wannan allura ba zan yi sakaci ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamunta suka bayyana, da wuya a tsira. Na kuma gaya mata cewa ko da kare ya yakushi yaro ko ya cije shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 sannan a garzaya asibiti.

Uwargida ta tambaya ko ragowar tuwo zai ishi 'yar kwikwiyon. Na ce zai taimaka idan an haɗa da kifi ko nama, amma ban da miya mai albasa, domin albasa tana lalata jinin kare, ban da cakulan, ban da ƙashin kaza dafaffe da ke tsagewa ya soki hanji. Yaran kuma na kafa musu doka: ba a taɓa ta tana cin abinci ko tana barci, ba a hawa bayanta, ba a jan kunne ko wutsiya, kuma auta ba za ta zauna da ita ba sai da babba a wurin. Uwargida ba ta gamsu gaba ɗaya ba, har yanzu tana ganin ƙaton kare ya fi tsoratarwa, amma ta yarda a gwada, da sharaɗin a yi wa karyar aikin hana haihuwa idan lokaci ya yi, kada karnukan unguwa su riƙa taruwa a ƙofar gida. Za mu ɗauko ta nan da mako biyu. Gobe magini zai zo ya duba gindin darbejiyar da ke bayan gida, inda za a yi mata ɗaki mai inuwa nesa da madafa.