Sarƙar da ke hannun Mala'ika

15 ga Satumba, birnin Meksiko

Tun asuba unguwarmu ta koma kore, fari da ja, launukan tutar ƙasar, don bikin ranar 'yanci. Bayan sallah na fita zuwa titin Reforma, na tsaya ƙarƙashin ginshiƙin da mutanen gari ke kira Mala'ikan 'Yanci. Wata shida ina wucewa ta gabansa a bas, sai yau na ɗaga kai na dube shi da kyau. Siffar mace ce mai fukafukai, an shafe ta da ruwan zinare. Hannun dama ta ɗaga kambun ganye, alamar nasara. Na hagu kuwa guntun sarƙa ne a tsinke, wato shekara ɗari uku na mulkin Sifaniya. A 1910 aka kafa shi, shekara ɗari cif bayan Miguel Hidalgo, wani limamin coci a garin Dolores, ya kaɗa ƙararrawa ya kira talakawa su tashi.

A gindin ginshiƙin aka adana ƙasusuwan Hidalgo. Wannan ya tsaya mini a rai. An harbe shi a 1811, aka yanke kansa, aka rataye cikin kejin ƙarfe a Guanajuato har shekara goma don a tsorata mutane. Yanzu ga shi tsakiyar gari, motoci na kewaye shi dare da rana.

Daga nan na hau tudun Chapultepec don ganin zanen bango da mai zane Juan O'Gorman ya yi kan yaƙin neman 'yancin. Daga hagu ake karanta shi, inda duhu yake, ga wata a sama, ga 'yan asalin ƙasa cikin wahala. Kana matsawa dama gari na wayewa. Idona ya tsaya kan Morelos, ɗaya daga jagororin yaƙin, da ɗankwalinsa ɗaure a ka. Wata dattijuwa a gefena tana nuna wa jikanta fuskokin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai nuna dangi a hoton biki. Na nemi Vicente Guerrero. Jinin Afirka na cikin jikinsa, kuma shi ne, yana shugaban ƙasa, ya haramta bauta a 1829. Wallahi sai na ji sarƙar nan ta safe ta shafe ni ni ma.

Mikiyar tutarsu kuwa ko'ina ka juya tana nan, tsaye kan murtsunguwa da maciji a baki. Ita ce alamar da Aztek, mutanen da Sifaniyawa suka tarar suna mulki a nan, suka ce sun gani kafin su kafa birninsu Tenochtitlan a 1325. Ya burge ni da ƙasa ta ɗauko tambarinta daga tarihin waɗanda aka ci da yaƙi.

Ƙarfe sha ɗaya na dare ina dandalin Zócalo, ana yayyafi. Aka kaɗa ƙararrawar Dolores ɗin nan daga benen fadar gwamnati, jama'a suka amsa da murya ɗaya. Na dawo gida a jiƙe, muryata ta dishe.