Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Zamanin da nake tura lilo a Maraɗi

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya ɗauke ni daga gidanmu na Bagalam ya kai ni wurin ƙanen mahaifiyata a Sabon Gari, domin in riƙa zuwa lakwal da safe, in koyi walda da maraice. Kawu ba ƙofofi da gadajen ƙarfe kaɗai yake ƙerawa ba. Yana da lilo iri uku da ya haɗa da hannunsa, waɗanda ke zaune a warware a bayan shago duk tsawon shekara, sai azumi ya raba tsakiya ko watan babbar Sallah ya kama sannan a fito da su, a kankare tsatsa, a shafa musu sabon fenti.

Na farko kwale-kwale ne mai ɗaukar yara shida, wanda ake rataye shi da sanduna huɗu. Na biyu majaujawa ce da aka gina a kan ƙarfen tayoyin baya na wata tsohuwar babbar mota, aka tsayar da shi a tsaye, aka rataya kujeru da sarƙa a kewaye, ta yadda idan ta yi gudu sai kujerun su buɗe su yi waje. Na uku, wanda ya fi kawo kuɗi kuma ya fi cin ƙarfinmu, shi ne babban lilo mai akwati huɗu da ke juyawa daga ƙasa zuwa sama. Babu inji a jikinsa, babu lantarki. Damtsen samari ne ke tafiyar da shi, ni kuwa a farkon shekarun 1990 ina cikin masu turawa.

Wanda bai taɓa tura irin wannan lilo ba yakan ɗauka aikin ƙarfi ne zalla, alhali rabinsa lissafin nauyi ne. Idan akwatin da ke sama ya fi na ƙasa nauyi, lilon zai ƙwace ya rufto da kansa tun ba a gama rufe ƙofa ba. Idan kuwa na ƙasa ya fi nauyi, ko ku uku ne sai kun yi gumi kafin ya ɗaga. Saboda haka Kawu yakan tsaya a bakin igiyar da muka kewaye wurin da ita, yana auna yara da ido, ya haɗa ƙato da ɗan ƙarami a akwati ɗaya, ya raba 'yan gida ɗaya ko da za su yi kuka. Idan aka cika akwati sai a juya shi sama, a cika wanda ke daura da shi, sannan sauran biyun. Da zarar nauyi ya daidaita, turawa kaɗan ta isa, sai dai ka riƙa tarar kowane akwati yana saukowa ka ƙara masa hannu. Tsayarwa ta fi tayarwa wuya, domin babu birki, sai mu rataya a jikin ƙarfen ƙafafunmu na jan ƙasa har ya lafa.

Kowace safiya kafin a hau, Kawu zai bi notuna ɗaya bayan ɗaya da sifana, ya zuba baƙin mai a mahaɗar ƙarfe, sannan ya sa ni in shiga akwati a juya ni ni kaɗai. Na taɓa ce masa, “Kawu, ai jiya ma an duba.” Ya ce, “Ɗana, 'ya'yan mutane za mu ɗora, kuma uwar kowane ɗaya ta san ƙofar shagona.” Wannan shi ne iyakar takardar shaidar lafiyar lilon, kuma a ganina ta fi wasu takardu masu hatimi ƙarfi.

Ciniki yakan kankama bayan an sauko daga idi, dawakan Sarkin Katsinan Maraɗi sun wuce, yara sun gama zagayen barka da Sallah a gidajen dangi. Sai ka ga sun ɓullo ƙungiya-ƙungiya da sababbin kaya, 'yan mata da lalle a hannu, kowa ya dunƙule dala biyar ɗinsa har ta yi ɗumi. Masu alewa, masu ƙanƙara da masu balan-balan su kafa nasu tiren a gefe. Wasu malaman unguwa sun yi ƙorafi a kan cuɗanyar maza da mata, sai Kawu ya ware wa 'yan mata majaujawa a wasu lokuta, kuma da an kira salla yakan ɗaure komai da sarƙa, magana ta mutu.

Abin da yara ke saye da kuɗinsu shi ne wannan ɗan lokaci da akwati ke barin ƙololuwa ya fara gangarowa, hanjin mutum ya taso kamar zai fito ta baki. Ni kuwa na fi son tsayuwar sama, lokacin da ake loda akwatin ƙasa. A zamanin benaye ba su yi yawa ba, don haka kana iya hango hasumiyoyin masallatai da duhun itatuwan fadamar Gulbi, inda tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hauro tudu.

Da na girma harkar ƙarfe ta kai ni wurare, kuma duk inda na ji akwai wurin wasa sai na leƙa. A Yamai na shiga gidan tarihi na Bubu Hama, na ga zakuna da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, amma a Abuja, a Wonderland kusa da babban filin wasa na ƙasa, na fara hawa ɗan jirgin nan da sarƙa ke jansa zuwa sama a hankali, sannan ta sake shi nauyinsa ya yi sauran aikin. Na yi ihu tare da yara ba kunya, kuma ba zan raina shi ba, domin ya fi namu gudu nesa ba kusa ba. Daga baya na karanta cewa babban lilo mai juyawa da injiniya George Ferris ya gina a birnin Shikago na Amurka a 1893 tsayinsa ya kai kusan mita 80, kuma shi ma daidaita nauyi ne tushen aikinsa. Abin da ya tsaya mini a rai a Abuja shi ne katanga da kuɗin ƙofa: ɗan da ba shi da ko sisi ba ya ma samun kallo, alhali a wurin Kawu irin wannan yaro yakan taya mu turi, a biya shi da zagaye ɗaya.

Mutane suna cewa wayar hannu ce ta kashe irin wannan lilo. Ban yarda ba, domin namu ya durƙushe tun waya ba ta zo ba. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, sai fenti da sandar walda da duk abin da ake shigowa da shi daga waje suka yi tashin gwauron zabo, dala biyar ɗin yaro kuwa tana nan yadda take, kuma uba ba zai ninka barka da Sallah ba alhali buhun shinkafa ya hau. Sannan filin da muke kafawa, wanda wani Alhaji ya bar mu muna amfani da shi kyauta, magadansa suka yanka shi suka gina shaguna. Mun gwada wani wuri can bayan gari, amma iyaye ba sa barin ƙananan yara su yi nisa haka.

Kawu ya sayar da babban lilon da kwale-kwalen ga masu sayen tsohon ƙarfe a kan kilo. Majaujawa kaɗai ta tsira, domin wani mutumin Tibiri ya saye ta da sharaɗin a ba shi yaron da ya san haɗa ta, Kawu kuma ya nuna ni. Yadda na loda ta a amalanke, da zaman da na yi a cikin Gobirawa har na fara karɓar aikin walda da sunana, shi zan kawo muku a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.