Hancin jariri gidan haya ne

Lokacin da na fara karatun ƙananan halittu, ni a tunanina rigakafi kamar shara ce, a yi wa yaro allura ƙwayar cuta ta tafi wuri ya zauna fes. Sai ranar da malamarmu ta sa muka shafa abin da aka lakato daga can cikin hancin jarirai a farantin da ake renon ƙwayoyin cuta, washegari na tarar da shi cike taf da ɗige-ɗigen bakteriya alhali yaran lafiyarsu ƙalau, na ce malama anya samfurin nan bai gurɓace ba? Dariya kawai ta yi, wai ai haka hancin kowa yake.

Ashe ƙwayar nimoniyar nan, pneumococcus, kala-kala ce sama da 90, kuma yara da yawa suna yawo da ita a hanci ba ciwon komai. Allurar PCV7 da aka fara a Amurka a 2000 bakwai kaɗai take kamawa, to da waɗannan suka ja baya sai wasu suka samu ɗaki, musamman kalar da ake kira 19A, shi ya sa a 2010 aka fito da PCV13 wadda ta haɗa har da ita. Wani ya kwashe kayansa wani ya tare. Amma fa kar wani ya ce allurar ba ta yi aiki ba, yaran da ƙwayar ke kwantarwa da sanƙarau ko cutar jini sun ragu sosai.

Hanji ne ya fi ba ni mamaki gaskiya. Na zata ɗigon rota, wato rigakafin gudawar yara, zai hargitsa bakteriyar ciki tunda ta baki ake ɗiga shi, ashe ɗan canjin bai taka kara ya karya ba, abin da ke juya cikin jariri shi ne nono, da yadda aka haife shi, tiyata ko haihuwa da kai, sai uwa uba antibayotik. Abin ma har juyawa yake yi, a Bangaladesh an ga jariran da ke da bakteriyar hanji mai suna Bifidobacterium da yawa, wadda sukarin nonon uwa ke ciyarwa, jikinsu ya fi karɓar wasu alluran.

Duk da haka sai da na kwafsa a furojet ɗina. Na ga bambanci a bakteriyar kashin yara kafin allura da bayanta na rubuta da ƙarfin gwiwa wai rigakafi ne ya jawo, malama ta zagaye wurin da jan biro ta rubuta a gefe, nawa ne a cikinsu suka sha antibayotik a tsakani, nawa aka fara ba abinci? Wallahi ko ɗaya ban duba ba, haka na koma na bi fayil ɗin yaran ɗaya bayan ɗaya.