Shayi a Bayan Agogon Orsay

Kwana huɗu ke nan da dawowata daga Faris, kuma duk wanda ya zo yi mini sannu da zuwa labarin hasumiyar Eiffel yake tambaya, alhali abin da ya zauna mini a rai wani ɗaki ne a hawa na biyar na gidan zane-zane na Orsay. Mai masaukina, wani dattijo ɗan Damagaram abokin kawuna da ya daɗe a can, shi ya dage sai mun je, ya kuma rantse ba zan taɓa aljihuna ba.

Asalin ginin tashar jirgin ƙasa ce da aka buɗe a 1900 a bakin kogin Sen, sai a 1986 aka mayar da ita gidan zane-zane. Mun shafe kusan awa uku muna kallon ayyukan shahararrun masu zane irin su Monet da Renoir da Degas har ƙafafuna suka yi nauyi, sannan ya ce, "Ɗana, zo mu huta." Da na hango kwalaben giyar inabi da kofunan gilashi masu dogon wuya a kan tebura, sai na ja da baya na ce, "Baba, ai nan mashaya ce." Ya ce mini a ƙasar nan da wuya a sami wurin cin abincin da ba a sayar da ita, amma akwai shayi, kuma ba wanda zai dube ni. Haka kuwa aka yi, domin yaron da ya karɓi odarmu ya kawo shayin cikin ladabi.

Sunan wurin Café Campana, kuma wasu 'yan'uwa biyu 'yan Burazil, Humberto da Fernando Campana, su suka tsara shi aka buɗe a 2011. Manufarsu ita ce mai zama ya ji kamar yana ƙarƙashin teku. An lulluɓe bango da gutsattsarin abu mai ƙyalli kamar madubi, launin shuɗi-shuɗi, ta yadda duk wanda ya gifta sai ka ga inuwarsa ta kakkarye kamar a cikin ruwa. Daga rufi fitilu masu ruwan zinare suna reto, kowace kamar an kife babbar ƙwarya, a tsakanin tebura kuma an yi shinge da waya mai ruwan lemo da aka cukurkuɗe ta kamar saiwa, tana raba ka da maƙwabcinka ba tare da ta toshe haske ba. Amma duk wannan ado baya yake bi wa ƙaton agogon tashar, wanda fuskarsa gilashi ce kuma ita ce tagar ɗakin. Lambobinsa a juye kake ganinsu, allurarsa ta fi mutum tsawo, kuma ta tsakaninsu na hango kogin da farar majami'ar nan ta Sacré-Cœur can a kan tudu.

Da aka kawo takardar kuɗi na leƙa na juya lissafin zuwa naira, sai na yi shiru, domin kuɗin shayi biyu da ɗan biredi zai ciyar da gida guda a wurinmu. Ban ga laifinsu sosai ba, tunda wurin zaman ake saya, ba ruwan zafin ba.

Ina zaune ina tuna Gidan Makama a Kano, da kaurin katangarsa da sanyin ɗakunansa. Maginanmu sun iya ɗaurin guga da zayyanar bango tun kafin a san waɗannan 'yan Burazil, kuma zaure ɗaya da aka yi wa dagi da tabarmi da fitilar da ta dace, ana sayar da fura da shayi da zoɓo, zai sa baƙo ya ƙara awa guda maimakon ya fita da ƙishirwa yana neman inuwa. Abin yana damuna ƙwarai, domin ba fasaha muka rasa ba.

Washegari mun je Luba (Louvre), babban gidan kayan tarihi da zane-zane na Faris, amma cunkoso ya hana ni sakewa. Ranar Juma'a muka yi salla a babban masallacin Faris, Asabar na sayi turare da tsarabar yara, Lahadi da asuba Baba ya raka ni filin jirgi.