Wa kake yi wa tattakin?

Tambayar da aka fi yi mini ke nan a kwana biyun da na yi a kan keke daga Kano zuwa Birnin Kudu. Mai shayi ya yi mini ita a Wudil, wani ɗan acaɓa ya rage gudu ya jero da ni a bayan Gaya don kawai ya yi ta. Tun 2015 da wani bawan Allah ya tako daga Legas har Abuja a ƙafa don murnar cin zaɓe, mutanenmu suka yanke hukuncin cewa duk wanda ya wahalar da kansa a titi, akwai babban mutumin da yake so ya gani. In na ce ba kowa, sai a dubi furfurar gemuna, a dubi keken, a ce, "To, Allah ya sawwaƙe."

Gaskiyar maganar, kunya ce ta fito da ni. Shekara da shekaru ina tsayawa gaban 'yan aji ina faɗa musu akwai zanen mutanen da a jikin duwatsun Birnin Kudu, har in sa a jarrabawa, alhali ni kaina ban taɓa gani ba. Na wuce garin a mota ban san iyaka ba, yawanci ina gyangyaɗi.

Keken na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Phoenix ne baƙi, mai birkin ƙarfe, ba shi da giya ko ɗaya. Na sake masa tayoyi da kaca, na ɗaure jarkar ruwa da famfo da sallaya da bargo a kariya. Uwargida ta tsaya a zaure tana kallona ina ɗaurin, ta ce, "Malam, in kuɗin mota ne babu, ka faɗa, ina da na adashe." Ban tanka ba.

Na fita bayan sallar asuba, cikin sanyin Janairu. Daga Mariri zuwa Wudil babu abin ba da labari sai tireloli da ke wucewa su bar ka kana rawa a gefen kwalta. Na haye gada hantsi bai yi ba, kogin ya ja baya, masu ɗibar yashi suna ta aikinsu a ƙasa. Na yi sa'a ba Juma'a ba ce, da kasuwa ta cinye mini rabin yini.

Bayan Wudil na gane abu biyu da mota ta ɓoye mini duk tsawon rayuwata. Na farko, iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ni kuwa gabas na nufa, saboda haka tun daga nan har Dutse kamar wani ne ya dafa ƙirjina yana turo ni baya. Na biyu, ƙasar nan da muke cewa shimfiɗaɗɗiya ce, ba haka take ba. Akwai hawan da ido ba ya gani, cinya ce kaɗai ke ba da shaida. Za ka ga hanya miƙe sambal, amma feda ta yi nauyi kamar an ɗora maka buhun gero, sai ka waiwaya ka ga ashe garin da ka baro yana can ƙasa.

A Gaya na sha fura na huta. Na tuna abin da ake faɗa a tarihin baka, cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dala, Abagayawa, daga nan suka tashi suna neman tama. Wato hanyar da na kwashe rabin yini ina haki a kanta, su a ƙafa suka bi ta, da uwar maƙera a ka.

Ban yi nisa da garin ba tayar baya ta sace. Na tura keken zuwa wata bishiyar darbejiya inda wani dattijo ke faci. Bai ce mini komai ba sai da ya zare tif ɗin, ya ba shi iska, ya riƙa nutsa shi kaɗan-kaɗan a wani tsohon kwano mai ruwa ja, har kumfa ta taso. Ya soka tsinke a wurin don kada ya ɓace masa, ya goge da ɗan guntun dutse, ya shafa gam da yatsa, ya hura, ya jira. Sannan ya zura hannu cikin tayar ya zaro ƙaya, ya miƙo mini a tafin hannu kamar wanzami ya cire haƙori.

"Ɗana, wannan keken ba naka ba ne," in ji shi.

Na ce na babana ne.

"Na gani. 'Yan yanzu ba sa sayen mai nauyi." Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da sifana. "Wannan sai dai ya binne ka, kamar yadda ya binne shi."

Shi kaɗai ne a duk tafiyar bai tambaye ni wa nake yi wa tattaki ba.

Dutse ta ci sunanta. Tun daga nesa za ka fara hango duwatsu sun yi cirko-cirko, wani a kan wani, kamar an jera su da hannu an manta ba a dawo ba. Na shiga gab da magariba, na kwana wurin wani abokin karatuna. Da safe ya raka ni Garu, tsohon garin da fadar sarki take, a cikin duwatsun. A nan na sauka na tura, ban ji kunya ba. Daga sama kana ganin sabon garin da ya bazu tun da aka ƙirƙiri Jigawa a 1991 aka mai da nan babban birni, ga kuma itatuwan dabino a ƙasa. Na sayi rabin kwano na zuba a aljihu, shi ya kai ni Kwanar Huguma, daga nan na karya zuwa Birnin Kudu. Yanzu iska ta daina tare ni, har na sami gangara ɗaya da na saki feda ina buga ƙararrawa ba dalili.

Kowa a Birnin Kudu zai nuna maka kwalejin gwamnati, ya ƙara da cewa Ɗangote a nan ya yi sakandare. Zanen kuwa sai da na tambayi mutum uku kafin aka haɗa ni da wani magidanci da ya san wurin. Sunayen duwatsun na san su daga littafi: Dutsen Habuɗe, Dutsen Mesa, Dutsen Murufu. Na jingine keken a gindin dutse muka hau, ƙafafuna suna karkarwa saboda gajiya.

A zatona zan ga abu ƙato. Ashe sai ka shiga ƙarƙashin inuwar dutsen, ka tsuguna, ka bar ido ya saba. Sannan su fara fitowa: shanu, da jan launi da ya koɗe, wasu da dogayen ƙahoni. Na daɗe ina kallo kafin in lura da abin da ke damuna a jikinsu. Bayansu a miƙe yake tun daga wuya har gindi. Ba su da tozo. Irin shanun da ake kiwo a ƙasar nan ke nan kafin masu tozo su mamaye ko'ina, kuma yau ba za ka same su a garken kowa a nan ba.

Mutumin ya ɗauki wani dutse daidai cikin hannu ya bugi gefen wani falalen, a wani gurbi da ya yi sumul saboda yawan bugu. Sai ga ƙara kamar ta ƙarfe, kamar an bugi kuge, tana amsawa a cikin kogon. Ya matsa ya bugi wani gurbin, murya ta sauya. Irin waɗannan duwatsu masu amo ne Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya zo ya yi nazari a kansu a shekarun 1950. Mutumin ya ce a da har amare ake kawowa nan da ƙawayensu su yini suna kiɗa. Na karɓa na buga. Sau biyu na farko ba abin da ya fito sai ƙura.

Da muka sauko akwai wani yaro Bafulatani yana kiwo a fili, fararen shanunsa kowace da tozonta yana rangaji. Na nuna masa hoton da na ɗauka a waya, na ce ya ga shanun kakanni. Ya karɓa, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya duba sosai, ya miƙo mini.

"Baffa, wanda ya zana bai iya ba. Ya manta tozo."

Komawa dai a mota na koma. Direban ya ɗaure keken a but da igiya, tayar gaba tana leƙe, ya ce sai na biya masa kuɗin rabin kujera. Muna fita daga tasha ya dube ni ta madubi ya ce, "Alhaji, wai wa ka yi wa tattakin ne?"